Baƙa Mai Takalmi ko Shuɗiya Mai Orka: Wace Rigar Vancouver Canucks Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya zauna a Vancouver, can yammacin Kanada, ko da wata biyu ne a lokacin sanyi, ya san garin kan sauya kaya a ranar da Canucks, ƙungiyar hoki na ƙanƙara ta garin, ke wasa a gida. Cikin jirgin ƙasa na SkyTrain, bakin filin Rogers Arena, shagunan shan shayi, duk inda ka juya riguna ne. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne rigunan ba iri ɗaya ba ne. Ga wani da shuɗiya mai ratsin kore, ga na kusa da shi da baƙa ƙirin mai ja da rawaya, can kuma wani dattijo da rawaya shar mai ƙaton harafin V tun daga kafaɗa har ciki. Sai ka ɗauka magoya bayan ƙungiyoyi uku ne suka haɗu, alhali duk ƙungiya ɗaya suke bi.

A wasan hoki na ƙanƙara ba haka aka saba ba. Montreal Canadiens ta haura shekara 100 da jar rigarta mai harafin C da H a tsakiya. Detroit Red Wings na nan da tayarta mai fuffuke tun 1932. Ita kuwa Canucks, wadda ta shiga NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a 1970 tare da Buffalo Sabres, ta sauya babban tambarinta da launukanta gaba ɗaya fiye da sau ɗaya, har wanda ya bar garin shekara goma zai iya dawowa ya kasa gane 'yan wasansa. Wannan ne ya sa sayen rigarta ke buƙatar tunani. Rigar hoki ba ta da araha, yawancinmu ɗaya za mu saya, mu saka ta shekaru, ko mu aika wa ƙani a gida tsaraba. To wacce?

Kafin amsa, ga abin da ya kamata a riƙe. Babban kofin wannan wasa shi ne Kofin Stanley, kuma a zagayen ƙarshe ƙungiyoyi biyu kan kara har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Canucks ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Sau uku ta kai zagayen ƙarshe, a 1982 da 1994 da 2011, kuma kowane zuwa da rigar da ta sha bamban da ta baya. Saboda haka a Vancouver riga ba ado kaɗai ba ce. Kowace tana ɗauke da shekararta, da mutanenta, da ciwon da ta bari. In ka saka ta ka fita, akwai wanda zai tsayar da kai ya yi maka maganar wannan shekarar, kuma gara ka san abin da ka ɗauko.

Ta farko ita ce mafi sauƙin zane. Wani mai zane ɗan North Vancouver, Joe Borovich, shi ya fitar da tambarin 1970: filin ƙanƙara shuɗi mai zagayayyun kusurwoyi, da farar sandar hoki a kwance ta shigo daga gefen dama, yadda filin da sandar suka haɗu suka ba da harafin C. Launukan shuɗi ne da kore da fari, wato teku da dazuzzuka da dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsun arewacin garin. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Stanley Park ya ɗaga kai ya kalli waɗancan duwatsu ya san ba ƙirƙira aka yi ba, abin da ido ke gani ne aka ɗora a kan riga. Da ita Orland Kurtenbach, kyaftin na farko, ya jagoranci ƙungiyar a tsohon filin Pacific Coliseum. Rauninta ɗaya ne: ƙungiyar ba ta yi abin a zo a gani ba cikin shekaru takwas da ta saka ta, don haka babu wani babban dare da mutane ke tunawa idan sun gan ta. Kyanta ne ya raya ta, ba tarihinta ba. Har yau ƙaramin tambarin sanda da fili na nan a kafaɗar rigar da ake sakawa.

A 1978 shugabannin ƙungiyar suka gaji da shan kashi, suka ɗora laifin a kan launi. Suka ɗauko wani kamfanin talla na San Francisco, aka ce musu shuɗi da kore launukan sanyin jiki ne, ba sa tsorata abokin karawa. Abin da ya fito daga wannan shawara shi ne rigar da har gobe ake sa ta cikin jerin mafi muni a tarihin wasanni: rawaya a gida, baƙa a waje, babu tambari a ƙirji sam, sai ƙaton V mai layukan baƙi da ruwan goro da ya sauko daga wuya. Wai V ɗin ma ba na sunan garin ba ne, na kalmar nasara ne a Turanci. An yi mata dariya a ko'ina. Amma da ita ƙungiyar ta fara kaiwa zagayen ƙarshe a 1982, da Richard Brodeur a raga da Stan Smyl a gaba. A wannan tafiyar ne koci Roger Neilson, ya fusata da alƙalan wasa a karawa da Chicago, ya ɗaura farin tawul a kan sandar hoki ya ɗaga sama kamar mai miƙa wuya. Da suka dawo gida 'yan kallo suka cika fili da fararen tawul, kuma al'adar kaɗa tawul ta zauna har yau. New York Islanders ta lallasa su wasa huɗu a jere.

Ina girmama wanda ke saka wannan riga, amma ba zan ba sabon mai saye shawarar fara da ita ba. Riga ce ta biyu ko ta uku, ta mai tarawa. Tana da wuyar haɗawa da wasu kaya, kuma a wajen Vancouver babu wanda zai gane ta ƙungiyar wasa ce, tun da ko suna babu a gabanta.

Sai dai a hannun wannan rigar akwai wani ƙaramin tambari da ya fi ta tsawon rai. Da'ira ce mai layuka a karkace, cikinta takalmin zamiya kan ƙanƙara, kuma sunan ƙungiyar ne ya zama ƙarfen ƙasan takalmin. Masu zolaya suka ce ya yi kama da farantin taliya, wasu suka ce ai takalmin gangara yake yi, ƙasa ya nufa. A 1985 aka ɗauke shi daga hannu aka kai shi ƙirji, a 1989 aka yar da rawaya a matsayin rigar gida aka koma fara, aka share ragowar V daga kafaɗu. Abin da ya rage shi ne riga baƙa mai tsabta, da ratsin ja da rawaya a hannu da ƙasa. Wannan ita ce ɗaya daga cikin biyun da nake ganin zaɓin gaskiya yana tsakaninsu, don haka bari in tsaya a kanta.

Abin da ya ɗaga darajar baƙar riga mutane ne. Pavel Bure, ɗan Rasha mai lamba 10, ya zo a 1991, ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, sannan ya ci ƙwallo 60 a kowace kaka, kaka biyu a jere. Gudunsa ya sa 'yan kallo kan miƙe tsaye tun yana tsakiyar fili. Trevor Linden mai lamba 16 shi ne kyaftin, Kirk McLean a raga, Pat Quinn koci. A 1994 suka haɗu da New York Rangers a zagayen ƙarshe. McLean ya tare hari 52 a wasan farko suka ci. Daga nan Rangers ta ci uku a jere, kowa ya ɗauka an gama, sai Canucks ta farfaɗo ta ci biyu. Akwai wani hoto da aka ɗauka bayan wasa na shida a Vancouver, Linden a gajiye liƙis, da jini a farar rigarsa, ya rataya hannu a wuyan McLean. Da wuya ka shiga gidan tsohon mai goyon baya ba ka ji labarinsa ba. Wasa na bakwai a Madison Square Garden aka yi shi, Canucks cikin baƙaƙe. Linden ya ci biyu, Nathan LaFayette ya bugi ƙarfen raga ana dab da tashi, aka tashi 3 da 2. Rangers ta ɗauki kofin da ta yi shekara 54 tana jira.

Shekara uku bayan haka aka ajiye rigar, ta yi sama da shekara 20 a akwati in ban da fitowa ɗaya-ɗaya. Yaran da suka taso da Bure suka girma, suka samu abin hannu, suka fara neman rigar ƙuruciyarsu. Da ƙungiyar ta ba magoya baya zaɓin tsohuwar rigar da za a dawo da ita don bikin kaka ta 50, takalmin ne ya yi nasara, aka saka shi a kakar 2019 zuwa 2020. A Janairun 2023 aka sabunta zanen kaɗan aka mai da ita riga ta uku ta dindindin, wato ƙari a kan ta gida da ta waje. An fito da ita ne a daren da aka karrama Gino Odjick, ɗan ƙabilar Algonquin daga lardin Quebec, mai lamba 29, aminin Bure kuma mai kare shi a fili, wanda ya rasu kwanaki kaɗan kafin nan. Tsohuwar zuma ce, kuma ta yi magani, don tun daga lokacin ba ka shiga Rogers Arena ba ka ga baƙaƙen riguna birjik ba.

Me za ka samu in ka saye ta? Na ɗaya, a ido ita ce ta fi ɗaukar hankali. Baƙi da ja da rawaya suna tafiya da baƙin wando ko jins, kuma ba ta nuna datti. Wanda bai san hoki ba ma zai ce rigar ta yi kyau. Na biyu, tana buɗe hira da duk wanda ya haura shekara 40. Abin da ba za ka samu ba shi ne garin. Babu abin da ya haɗa waɗannan launuka da Vancouver, kusan launukan tutar Jamus ne, kuma daga nesa tana iya kama da rigar wata ƙungiyar. Asalinta shawarar kamfanin talla ce daga wata ƙasa. Ƙaunar da ake mata ƙaunar Linden da Bure da Odjick ce. In ba ka rayu da waɗannan mutane ba, aron kewar wasu za ka yi. Ba laifi ba ne, amma ya dace a sani.

A 1997 aka zo da tambarin da ke nan har yau: orka, wannan babbar dabbar teku mai baƙi da fari da ke yawo a gaɓar British Columbia, lardin da Vancouver ke ciki, ta fasa ƙanƙara ta fito da haƙoranta a waje, jikinta da fasasshiyar ƙanƙarar sun lanƙwashe sun zama harafin C. Brent Lynch ne ya zana shi, da salon da ya yi kama da zanen ƙabilar Haida. Tun ranar farko aka fara gunaguni, saboda kamfanin da ya mallaki ƙungiyar a lokacin sunansa Orca Bay, kuma mai shi, John McCaw, ɗan Seattle ne a Amurka. Mutane suka ce tambarin kamfani aka liƙa musu a ƙirji. Launukan farko kuma shuɗi mai duhu ne da ruwan hanta da ruwan azurfa, waɗanda ba su da alaƙa da duk abin da ya gabata.

Abin da ya ƙara ɓata wa wannan riga suna shi ne wanda ya fara fitowa da ita. A shekarar ne aka ɗauko Mark Messier, kyaftin ɗin Rangers da ya ci musu ƙwallon da ta raba gardama a 1994. Ya karɓi kyaftin daga hannun Linden, ya saka lamba 11 wadda aka daina bayarwa tun rasuwar Wayne Maki, kuma cikin 'yan watanni aka sayar da Linden ga Islanders. Ƙungiyar ba ta kai zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya cikin shekaru ukun da ya yi. In ka ci karo da wannan riga mai lamba 11 da araha, akwai dalilin arahar, kada ka saka ta zuwa fili. Daga baya dai rigar ta ga kwanaki masu daɗi da Markus Naslund da Todd Bertuzzi da Brendan Morrison, waɗanda suka kasance cikin fitattun masu kai hari a gasar a farkon shekarun 2000. Mai lamba 19 ta Naslund riga ce mai mutunci. Amma ita ma ta mai tarawa ce, na wuce ta.

Gyaran ya zo a 2007, lokacin da Reebok ta sake ɗinkin rigunan gasar baki ɗaya. Canucks ta koma shuɗi da kore da fari na 1970, ta bar orka a ƙirji da sabon launi, ta ɗora sunan garin da manyan haruffa a lanƙwashe a samansa. Rubutun ya cunkushe gaban rigar, tambari da suna suna gasar neman wuri. A 2019 aka cire shi, orka ta samu sarari, kuma a ganina wannan ce rigar gida mafi kyau da ƙungiyar ta taɓa sakawa. Ita ce ta biyu a zaɓin namu.

Mutanen wannan riga tagwaye ne daga Suwidin, Henrik da Daniel Sedin. An ɗauke su a jere a 1999, na biyu da na uku, shi ya sa Daniel ya saka 22, Henrik 33. Da farko an raina su, ana cewa ba su da zafin nama. Ba su mayar da magana ba, suka ci gaba da aiki. Henrik ya fi kowa maki a gasar a 2010 har ya zama gwarzon shekara, Daniel ya fi kowa maki a 2011. Ba su taɓa buga wa wata ƙungiya a NHL ba har suka yi ritaya a 2018, kuma a wasansu na ƙarshe a gida Henrik na cikin waɗanda suka shirya wa Daniel ƙwallon nasara a ƙarin lokaci. A 2010 su da iyalansu suka ba asibitin yara na lardin dala miliyan ɗaya da rabi. Tare da Roberto Luongo a raga, ƙungiyar ta fi kowa maki a kakar 2011 da ta 2012. A 2011 ta kai zagayen ƙarshe da Boston Bruins, ta ci wasa biyun farko, ta sake shiga gaba 3 da 2, sannan ta faɗi a wasa na bakwai a gida da ci 4 da nema. Daren ya ƙare da tarzoma da ƙone motoci a tsakiyar gari, kamar yadda aka yi tarzoma a 1994, kuma washegari mutanen gari suka fito da tsintsiya suka share titunan. Duk wannan yana jikin shuɗiyar riga.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Wasu na ganin bai dace ƙungiya ta ci riba da salon zanen 'yan asalin ƙasa ba alhali mai zanen ba ɗansu ba ne, kuma muhawarar ta yi zafi a ƙarshen 2020. Ƙari a kan haka, Haida mutanen tsibiran Haida Gwaii ne can arewa, Vancouver kuwa tana kan ƙasar Musqueam da Squamish da Tsleil-Waututh. Su kansu 'yan asalin ƙasar ba bakinsu ɗaya ba, akwai shugabanninsu da suka fito suka ce a bar tambarin. Wanda wannan magana ta tsaya masa a rai yana da mafita mai kyau: shuɗiyar riga mai tambarin sanda da fili, wadda ƙungiyar ta yi amfani da sabunta zanenta a matsayin riga ta uku daga 2008. Launukan ɗaya ne, tagwayen ma sun saka ta, kuma babu wanda ke jayayya a kanta. Sai dai yanzu nemanta sai an ɗan sha wuya.

To ga su gefe da gefe. In kyan gani kaɗai ake nema, baƙar ta ɗan fi. In ana neman rigar da duk wanda ya san hoki a duniya zai gane ta Vancouver ce nan take, shuɗiyar ce. Wajen samuwa, dukansu na nan a shagon ƙungiyar da kan intanet, amma shuɗiyar ita ce rigar gida, kuma rigar gida ba ta ɓacewa daga shago, yayin da riga ta uku takan zo ta tafi yadda shugabanni suka ga dama, kamar yadda mai sanda da fili ta tafi. Wajen tarihi, baƙar tana da 1994, shuɗiyar tana da 1970 da 2011 da duk abin da zai faru nan gaba. Wannan na ƙarshen ne ya fi nauyi a wurina. Wanda ya zo garin jiya, ɗalibi ne ko ma'aikaci, tarihinsa da ƙungiyar yanzu zai fara, kuma mafi yawan dararen da zai tuna cikin shuɗi da kore za a buga su. Don haka in riga ɗaya ce, ni shuɗiya mai orka ta bayan 2019 zan ce a saya. Baƙar ta zama ta biyu, ranar da aljihu ya yi nauyi. Wanda kuwa ya kalli Bure da idonsa, ko mahaifinsa ya rene shi da labarin wasa na bakwai a New York, ba ya buƙatar shawarata, ya riga ya san tasa.

Fara fa? Kowace daga cikin zanukan nan tana da 'yar'uwa fara. Daga 1970 zuwa 2003 ƙungiyoyin NHL kan saka mai haske a gida, daga nan aka juya, mai duhu ta zama ta gida. Shi ya sa Linden ke cikin fara a wancan hoto na Vancouver. Farar mai orka tana da kyau ƙwarai da ratsinta na shuɗi da kore, amma miya ɗigo ɗaya ta isa ta ɓata maka rana, kuma in gida za a kai ta, ƙurar hunturu ba za ta bar ta ba.

Sauran rigunan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai ruwan hanta da V ta Vancouver Millionaires, tsohuwar ƙungiyar da ta kawo wa garin Kofin Stanley a 1915, wadda Canucks ta saka don tunawa a 2013 da 2014. Akwai kuma Johnny Canuck, mai saran itace da gemu da hula yana gudu da sanda a hannu, wanda tun 2021 ya zama tambarin Abbotsford Canucks, ƙaramar ƙungiyar da ke reno mata 'yan wasa. Yara na son sa sosai, in ɗanka za ka saya wa, duba shi.

Bayan zaɓen zane sai suna da lamba, kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Ana sayar da 'yan wasa a NHL ba tare da sanarwa ba. Bo Horvat kyaftin ne lokacin da aka tura shi Islanders a Janairun 2023. J.T. Miller ya tafi Rangers a Janairun 2025. Duk wanda ya buga sunayensu a baya ya wayi gari da rigar ɗan wata ƙungiya. Mafi aminci shi ne lambobi shida da aka rataye a rufin fili ba za a sake bai wa kowa ba: 10 ta Bure, 12 ta Smyl, 16 ta Linden, 19 ta Naslund, 22 da 33 na tagwaye. Amma a daidaita suna da zamani. Bure a baƙa, tagwaye a shuɗiya, Smyl a mai V. Bure bai taɓa saka shuɗi da kore a wasan gasa ba, kuma masu ido za su lura. Tagwayen ma mai rubutun sunan gari a ƙirji suka saka, sun yi ritaya kafin a cire shi, don haka mai son daidaito ɗari bisa ɗari sai ya nemi ta 2007 zuwa 2019. Barin bayan riga babu suna ma ba aibi ba ne, ya fi araha, kuma ba ya tsufa.

Girma kuma yana yaudara. Rigar hoki an yanka ta ne don a ɗora ta kan sulken kafaɗa da na gwiwar hannu, kamar yadda ake yanka babbar riga da sanin akwai 'yar ciki a ƙarƙashinta. In ka sayi girman da ka saba a taguwa, hannun zai iya rufe maka yatsu. Masu tsada, irin na 'yan wasa, da lamba ake auna su, 50 ko 52 ko 54, masu sauƙin kuɗi kuma da haruffan da aka saba. A Vancouver mutane kan saka ta kan rigar sanyi mai hula, don cikin fili akwai sanyi, to in haka za ka yi, bar ɗan sarari. In Kano ko Zinder za ta je, a sayi mai sauƙin, yadinta ya fi laushi da rashin nauyi, kuma a san cewa ko ita sai Disamba da Janairu za ta saku. A nan ma shuɗiyar ta fi baƙar, don baƙi na shan rana.

Rigunan hoki kan faɗo cikin dilolin gwanjo da ke zuwa daga Kanada da Amurka, kuma wani lokaci mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba. Abin dubawa na farko shi ne sunan kamfanin da ya ɗinka, don shi ke faɗin zamani. CCM na nuna tsofaffin shekaru, har da 1994. Reebok ta riƙe gasar har 2017, Adidas daga 2017 zuwa 2024, Fanatics daga nan. Baƙa mai takalmi da alamar Adidas ba ta zamanin Bure ba ce, ta dawowar ce, duk abin da mai sayarwa zai faɗa. Sai a juya cikin rigar a duba ƙasan baya: irin ta 'yan wasa tana da wani ɗan maɗauri da ake maƙalawa a wando don kada a tuɓe wa mutum riga in faɗa ya kaure. Jabu kuwa tambarinta ke tona ta. Ka shafa shi da tafin hannu, na gaske a shimfiɗe yake sumul, na jabu yakan yi ƙyalli fiye da kima, ya tattare kamar an jiƙa takarda, haƙoran orka su karkace, koren ya koma wani kore daban. Ka kuma duba haruffan suna, a jabu sukan haɗe da zare ɗaya daga wannan harafi zuwa wancan.

In an saya, a riƙa juya ta ciki waje kafin wanki, da ruwan sanyi, a shanya ta a inuwa. Kada a sa ta a injin busarwa, kada kuma dutsen guga ya taɓa tambari ko lamba, don zafi na narkar da gam ɗin da ke riƙe su, su kumbura su ɓaɓɓako, kuma in sun ɓaɓɓako babu telan da zai mai da su yadda suke.